Wayar Akawu Ta Ce Ya Fara Mantuwa

Ranar da aka ɗauke wa Akawu makullin babur ɗinsa, ya fi rabin awa yana nemansa, kuma wannan neman ma sai da aka lissafa masa shi cikin alamomin ciwo.

Ya duba ƙusar da ke bayan ƙofa, inda makullin ya saba kwana shekara da shekaru. Wayam. Ya zazzage aljihun rigar jiya, ya ɗaga matashi, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ƙara ya leƙa ƙarƙashin gado. Yana nan a duƙe ya hango ƙafafun surukarsa a bakin ƙofa, matar babban ɗansa, wadda kowa a gidan yake kira Maman Biyu.

"Baba, me kuke nema?"

"Makullin babur."

"Ayya! Kun manta inda kuka ajiye?"

"Ban manta ba. Nan na rataye shi."

"Ayya," ta sake cewa, ta sunkuyar da kai tana danna wayarta.

Makullin kuwa yana aljihun mijinta tun da sassafe, kuma ta sani. A duk gidan mutum ɗaya ne bai san cewa Akawu ya fara mantuwa ba, shi ne Akawu.

Makonni uku kafin nan abin ya faro, a shagon amininsa Mai Agogo, wani ɗan tsukukun shago a bakin kasuwa, benci ɗaya, tebur ɗaya, da agoguna rataye ko ta ina. Tun da Akawu ya yi ritaya daga gidan waya, can yake wuni, suna gyara duniya da baki. Rannan Mai Agogo ya jawo ƙofar shago, ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya sassauta murya.

"Akawu, magana zan gaya maka, amma amana ce."

"Shekara talatin da biyu wasiƙun mutane suna wucewa ta hannuna, ban taɓa ɗaga ambulan ɗin wani na haska a rana ba. Faɗi."

"Jiya na buɗe agogon wani, na zube kayan cikinsa a faranti, sai na zauna ina kallonsu kamar ban taɓa ganinsu ba. Ni fa, da na yi shekara arba'in ina wannan aiki. Shekaranjiya kuma a hanyar gida na tsaya, na rasa dama zan yi ko hagu." Ya ƙara matsowa kusa. "In yarana suka ji, rufe shagon nan za su yi su zaunar da ni a gida. Ranar da aka rufe shi kuwa, a fara haƙa kabarina kawai. Kai da ka iya wayar nan, ka bincika mini ko mene ne, ko yana da magani. Amma don girman Allah, daga ni sai kai."

Kai da ka iya wayar nan! Nan take kan Akawu ya kumbura. Gaskiyar magana, abu uku ya iya da wayar: ya kira, ya amsa, ya kuma rubuta tambaya da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar hatsi. Amma an yabe shi a gaban idonsa, ina zai ce bai iya ba?

Ya koma gida ya shige ɗaki, ya gyara zaman tabarau, ya fara aiki. Alamomin ciwon mantuwa. Mutum ya ɓata a hanyar gidansa. Mutum ya manta aikin da ya daɗe yana yi. Sai kuma tambayar da Mai Agogo ya fi matsa masa a kanta: yadda za a ɓoye wa iyali ciwon mantuwa.

Duk shafin da ya buɗe, sai wani ɗan akwati ya faɗo ya tare rubutun. Wai shafin yana amfani da wani abu kukis, yana neman izini ya ajiye bayanansa, ya kuma raba su da abokan hulɗarsa. A ƙasa ga wuri babba mai launi, an rubuta "Na amince". Gefensa ga wani ɗan mitsitsin rubutu mai dishi-dishi da sai ka matse ido. Abin ya burge Akawu ƙwarai. A zamanin nan da yara suke faɗo maka ɗaki ba sallama, ga na'ura tana tsayawa a bakin ƙofa tana neman izini! Mutum ya yi maka sallama cikin ladabi, ka ce masa a'a? Ba a yi masa wannan tarbiyya ba. Ya riƙa dannawa, har wani lokacin yana cewa a fili, "Shigo mana, ai gidanku ne." Abokan hulɗar nan da aka ambata, bai tambayi ko su nawa ba ne. Da ya tambaya, da ya ji sun fi mutanen da suka zo ɗaurin aurensa yawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Wayar kyauta ce daga babban ɗansa, wanda ake kira Injiniya, kuma ranar da ya kawo ta ya ce, "Baba, na ɗora ta a kan asusuna, don kada ka sha wahalar lambobin sirri." Akawu har albarka ya sa masa. Bai san cewa talabijin ɗin falo, da kwamfutar ofishin Injiniya, da wayar da ke hannunsa, duk bakinsu ɗaya ba.

Bayan kwana biyu ana zaune a falo da yamma ana kallo, sai talla ta katse shirin. Wani tsoho ne yana yawo a titi da takalmi wari ɗaya, murya tana tambaya: "Tsohonku ya fara mantuwa?" Kashegari ma haka. Rana ta uku kuma tallar wani abin hannu da ake ɗaura wa tsofaffi don a san inda suke. Akawu yana zaune yana kaɗa ƙafa, har yana cewa, "Allah sarki, bawan Allah." Injiniya kuwa yana lura da tallar. Ofis ya je, ya buɗe jerin abubuwan da aka bincika a asusunsa, ya karance tas.

Da ya zo ya ce, "Baba, mene ne wannan?" da an gama magana a minti biyar, ko a yi faɗa a gama. Bai yi haka ba. Matarsa ya gaya wa, suka fara sa ido, suka yi ta ƙus-ƙus har ranar makulli.

Da yammacin ranar Injiniya ya dawo, ya zauna a bakin gadon mahaifinsa, Maman Biyu tana tsaye a ƙofa.

"Baba, makullin yana wurina."

"Yana wurinka? Ka bar ni ina rarrafe a ƙarƙashin gado kamar ɓera?"

"Rigakafi ya fi magani, Baba."

"Rigakafin me?"

Injiniya ya zaro waya, ya gyara murya, ya fara karantowa. Rana kaza, ƙarfe kaza da minti kaza, alamomin ciwon mantuwa. Ƙarfe kaza, mutum ya ɓata a hanyar gidansa. Bai tsallake ko ɗaya ba, har kurakuran rubutun ya karanta yadda suke. Da ya iso kan yadda za a ɓoye wa iyali, sai ya dakata ya ɗago ido, Maman Biyu ta share ƙwalla da bakin mayafi.

Kunya ta rufe Akawu tun daga kai har ƙafa. Ji ya yi kamar an yaye labulen banɗaki yana ciki.

"Wa ya ba ka izinin karanta wannan?"

"Baba, ai ba a ɓoye yake ba. Asusuna ne. Kuma duk abin da shafukan nan suka tambaye ka, kai ka amince, da hannunka ka danna."

"Su na amince wa, ba kai ba."

"To su da ba su san ka ba ka yarda su sani, sai ni ɗanka?"

Akawu ya harare shi. Yaron nan tun yana ƙarami ya iya murɗa magana, kuma shi ya biya masa kuɗin makarantar da ya ƙara ƙwarewa.

"Ba ni ba ne," ya ce a ƙarshe. "Wani na bincika wa."

"Wa?"

"Amana ce."

Mata da miji suka kalli juna. Maman Biyu ta duba wayarta, ta ce a hankali, amma ba a hankalin da zai hana a ji ba, "Alama ta huɗu ke nan. Musu, da ɗora wa wani."

Shafin da ta karanto, Akawu ya san shi. Shi ya fara buɗe shi a gidan.

"To a kai ni asibiti," in ji shi. "Likita ya gwada ni. In ya ce na fara, na yarda."

"Asibiti?" Injiniya ya zaro ido. "Baba, so kake duk gari ya ji? Mutum kamar ka a gan shi a layin masu ciwon ƙwaƙwalwa? A'a. Mu rufa wa kanmu asiri. Za mu kula da kai a gida."

Rufin asirin nan kuwa ya yi kyau ƙwarai. Kafin a kwana biyu, zauren dangi na waya mai mutum arba'in da bakwai ya cika da addu'o'i da hotunan hannaye a ɗage. Maman Biyu ce ta saka labarin, ta kuma roƙi kowa da kada ya gaya wa kowa. Autarsa da ke aure a nesa ta bugo tana kuka, tana magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar da kurma.

"Baba! Ka gane ni? Wa ke magana?"

"Wadda ta yi mini fitsari a buhun wasiƙu tana shekara uku."

Kukan ya ƙaru. "Wayyo Allah! Haka aka ce, abin da ya daɗe suna tunawa, na jiya ne ba sa riƙewa."

Akawu ya kashe wayar ya zauna yana jinjina kai. Ya ce a ransa, kai Akawu, Allah ya ba ka baki, ga shi kowace amsa ka bayar sai ta zama shaida a kanka.

Daga nan kwanaki suka fara taɓarɓarewa, ba da faɗa ba, da tausayi. An ɗauke butar lantarkin da yake dafa shayinsa da ita, kada ya manta ta a kunne. An ɗauke reza. Maganin hawan jininsa da ya shekara goma yana sha ba fashi ya koma hannun Maman Biyu, ita take kawo masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta tsaya sai ta ga ya haɗiye. Baƙi in sun zo, a gabansa suke tambayar ta, "Ya jikin nasa? Yana gane mutane?" shi kuma yana zaune riƙe da jarida kamar kujera ta biyar a falon.

Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne na ƙungiyar 'yan fansho. Shekara shida shi ne sakatarenta, rubutun taronsa ba ya da gyara. Ranar taro ya shirya, ya ɗauki babban littafi, sai shugaban ƙungiya ya bugo.

"Akawu, ka huta abinka. Ɗanka ya yi mana bayani. Mun naɗa wani ya riƙe. Allah ya sa kaffara ne."

Akawu ya fita ya tarar da Injiniya yana wanke mota.

"Kai ka kira su?"

"Don mutuncinka na yi, Baba. Ka je ka rikice a gaban mutane?"

"Na taɓa rikicewa?"

"Ai kafin a kai ga nan ake tarewa."

Kullum amsar ke nan. Don lafiyarka ne. Don mutuncinka ne. In wani abu ya same ka, mu za a zaga. Maman Biyu kuma nata shi ne, "Ni fa ko uban da ya haife ni iyakar abin da zan yi masa ke nan." Kuma ba ƙarya take yi ba, abin da ya fi ba Akawu haushi ke nan. Da mugunta ce da ya san yadda zai yi da ita. To amma wa zai kai ƙarar mutanen da suke kuka saboda shi?

Babur ya tafi, amma ƙafa tana nan, sai ya koma takawa zuwa shagon Mai Agogo. Nan ma Injiniya ya karɓi wayar ya yi 'yan danne-danne, ya mayar masa. Akawu bai san an yi komai ba sai da ya ratse wata rana don ya gaida wani tsohon abokin aiki. Bai yi taku ashirin ba waya ta yi ƙara.

"Baba, ina za ka? Wannan ba hanyar kasuwa ba ce."

Akawu ya waiga gabas, ya waiga yamma, har sama ya kalla.

"Kana ina?"

"Ina ofis. Ina ganinka a taswira. Juya ka koma, ka yi hagu."

Kashegari ya yi dabara irin ta manya, ya bar wayar a kan gado ya fita. Da ya dawo ya tarar da gida a hargitse, Maman Biyu tana gaya wa Auta a waya, "Yau har wayarsa ya manta."

Ya gwada gyara ɓarnar da kansa. Ya koma shafukan nan yana neman inda ake cewa ba a amince ba. Ashe ɗan mitsitsin rubutun nan ƙofa ce, bayanta wata ƙofar, bayanta jerin sunayen kamfanoni da ya yi ta ja da yatsa bai ga ƙarshensu ba, kowanne da ɗan makunninsa da sai ka kashe ɗaya bayan ɗaya. Shiga danna ɗaya ce, fita kuwa aikin wuni guda. Ya kashe sittin da wani abu, idonsa ya fara ruwa, ya yi kuskure ya taɓa babban wurin nan mai launi, duk suka sake kunnuwa. Ya ajiye wayar ya yi dariya har da tari. Ihu bayan hari dai, kuma ihun ma bai iya ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma ya fara tsoro. Wata safiya ya nemi tabarau ɗinsa ya rasa, ashe suna goshinsa. Da can dariya zai yi. Rannan zama ya yi. Mutum arba'in da bakwai sun ce ka fara mantuwa, talabijin ya ce, waya ta ce, kai kaɗai kake cewa a'a. Ya rufe ido ya jero lambobin akwatunan gidan waya da sunayen masu su, daga ɗaya har ɗari biyu, bai yi tuntuɓe ba. Ya buɗe ido da murna, sai ya ga Maman Biyu a taga tana kallon tsoho yana ƙirga lambobi shi kaɗai.

Ranar Alhamis Injiniya ya yanke hukunci.

"Baba, daga Lahadi za mu riƙa kulle ƙofar waje. In kana son fita, sai in ina nan in kai ka."

"Kana fita da safe, ka dawo bayan faɗuwar rana."

"Akwai ƙarshen mako."

"Ɗaure ni za ka yi ke nan."

"Haba Baba! A gidanka?"

Akawu ya yi kwana biyu yana juya abin. Amana dai amana ce, amma wanda ya ba ka ita yana iya sauke maka. Zai je ya roƙi Mai Agogo ya yarda a gaya wa Injiniya shi kaɗai, a bisa rantsuwa. Kalma ɗaya daga bakin mutumin ta isa ta dawo masa da makulli, da buta, da littafin taro, da hankalinsa a idon mutane.

Ranar Asabar da hantsi ya fita da sauri. Ya tarar da Mai Agogo a zaune, gilashi a ido, faranti a gabansa cike da 'yan ƙananan ƙarafa, hannunsa bai taɓa ko ɗaya ba.

"Mutumina," in ji Akawu, ya matso kusa, "amanar nan ta yi mini nauyi. Ta cinye mini babur, gobe za ta cinye mini ƙofa. Ka yi mini izini in gaya wa ɗana, shi kaɗai."

Mai Agogo ya cire gilashin ya dube shi da fara'a.

"Wace amana?"

"Maganar nan. Ranar da ka jawo ƙofa, ka ce in bincika maka a waya."

"Ni?" Ya yi ɗan tunani, ya girgiza kai. "Me zan bincika? Akawu, ka fara wasanninka ko?"

Akawu ya zuba masa ido yana neman alamar wayo, ko ƙifta ido, ko tsoro. Babu komai. Fuskar amininsa ce sak, a wanke, ba ta ɓoye komai saboda ba abin da ya rage a ciki da za a ɓoye. Ya zauna a kan benci. Kai, Akawu! Duk duniya ka rasa wanda za ka ajiye shaidarka a wurinsa sai mai ciwon mantuwa.

Aljihun teburin yana buɗe kusa da gwiwarsa. A ciki ya ga 'yan takardu, rubutun Mai Agogo ne, manya-manya. "Gida: a wurin famfo ka yi dama." "Sunan matar babban yarona." "Ka ci abincin rana." A ƙarƙashinsu agoguna ne a warwatse, sun kai goma, an buɗe an kasa mayarwa.

Sai ga ƙarar mota. Injiniya ne, ya biyo ɗigon da ke tafiya a taswirarsa. Kusan tare suka shigo da babban ɗan Mai Agogo, wani ƙaton mutum mai tumbi da ya kawo wa uban saƙo, wanda ya daɗe yana cewa shagon nan a bakin kasuwa ɓarna ne a bar shi ga agogunan da ba mai ɗaurawa. Ko yanzu idonsa a kan bango yake, yana auna faɗi da tsawo.

Injiniya ya gaishe da Mai Agogo da ladabi, sannan ya juyo.

"Baba, kullum nan kake zuwa. In akwai wanda ka bincika wa, to shi ne. Yau a gama maganar nan." Ya koma ga Mai Agogo. "Baba Mai Agogo, ku yi haƙuri. Kun taɓa sa mahaifina ya bincika muku wani abu a waya? A kan ciwon mantuwa?"

Mai tumbi ya sauke ido daga bango.

"Ciwon mantuwa?" ya ce. "Wa ke da shi?"

"Ni dai ban sa shi ba," in ji Mai Agogo. "Ni me na sani a waya?"

Agoguna suna ta bugawa, kowanne da lokacinsa. Aljihun tebur yana nan a buɗe. Akawu ba ya ma buƙatar doguwar magana. In ya jawo shi kaɗan, ya ce, ku duba nan, shi ke nan. Da yamma yana kan babur ɗinsa. Da yammar kuma za a sa wa ƙofar shagon nan kwaɗo.

Ya dubi Mai Agogo. Mutumin ya ɗauki gilashinsa yana gogewa da bakin riga, yana shirin komawa aikin da ya daina iyawa, a kujerar da ta ɗauki siffar jikinsa. Wata nawa ya rage masa a kanta? Biyu? Uku? Ko nawa ne, nasa ne, kuma ya roƙa da girman Allah lokacin da yake da hankalin roƙo. Wanda ya ba da amana ya manta, amma wanda ya karɓa bai manta ba, duk da abin da waya ta ce.

Akawu ya sa gwiwa ya tura aljihun a hankali har ya rufe.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Ni na rikice. Ba wanda ya sa ni."

Injiniya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Har ƙwalla ta taru masa. Ya dafa kafaɗar uban, ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Yarda da ciwo rabin magani ne." Kana ganinsa ka ga mutumin da nauyi ya sauka daga kansa, don ya tabbata bai zalunci kowa ba.

Haka ake yi yanzu a gidaje da yawa, kuma ba a kiransa zalunci. Kamfanin da bai san ka ba ya tambaye ka izini da rubutun da ya san ba za ka karanta ba, ya kwashe ya sayar. Ɗan da ka haifa shi ko tambayar bai yi ba. Ya san ƙarfe nawa ka rubuta me, ya san a wace kwana ka tsaya, ya san taku nawa ka yi, amma bai taɓa jawo kujera ya zauna ya ce, Baba, me ke damunka, ya kuma saurari amsar ba. Ya ga abin da yatsanka ya danna, sai ya ɗauka ya ga abin da ke zuciyarka. Kuma duk abin da ya ƙwace maka, da hawaye a idonsa ya ƙwace, har kai ma ka rasa bakin zaginsa.

Injiniya ya buɗe wa mahaifinsa ƙofar motar ta baya, ba ta gaba ba. Akawu ya shiga ya zauna. Yana gyara rigarsa sai ya ga Mai Agogo ya fito daga shago yana ɗingishi, ya zagayo ta gefensa, ya ƙwanƙwasa gilashi. Akawu ya sauke.

Mai Agogo ya waiga ya tabbata yaran ba sa ji, ya sunkuyo, idonsa cike da tausayi, ya kama hannun amininsa ya matse.

"Akawu, ashe abin da ke damunka ke nan, ka yi shiru? Allah sarki. Kada ka damu, ka ji? Wallahi ba wanda zai ji daga bakina."

Dariya ta taso wa Akawu, kafin ta fito ta koma wani abu dabam mai ɗaci.

"Na gode, mutumina," ya ce. "Allah ya bar zumunci."

Injiniya ya shiga, ya danna abin da ke kulle ƙofofin baya, ya tayar da mota.